Darasi na 9: Renon Iri a Ɗaki da Kuɗin Wutarsa

Malam Sule yana zaune a gidan haya a Rigasa. Tsakar gidan ba ta da faɗi, ga kajin maƙwabta, ga ruwan Agusta mai kwantar da ƙananan tsirrai. Sau biyu yana yayyafa irin tumatir a tire, sau biyu yana asara. Sai ya shigar da tiren ɗaki, ya ajiye a lungu. Irin ya tsiro, amma ya yi dogon wuya siriri, ganyen ya koɗe, ya langaɓe.

'Yarsa Hauwa ta duba ta ce, "Baba, haske yake nema. Ba ka ga duk ya karkata wajen taga ba?"

Gaskiya ta faɗa. Shuka da haske take haɗa abincinta. Idan babu rana, ƙwan lantarki zai iya taimakawa, amma ƙaramin tsiro yana son hasken ƙwai na awa 14 zuwa 16 kowace rana. A nan kuɗi yake shigowa.

A jikin kowane ƙwai akwai lamba da harafin W. Wannan shi ne wat, wato yawan wutar da ƙwan yake sha. Idan wat 1,000 ya yi aiki awa ɗaya, mita ta cinye yunit ɗaya. Kuɗin yunit ya danganta da layin da kake. A watan Afrilun 2024 an kai na 'yan Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan rage. Sauran layuka ba su kai haka ba. Duba rasit ɗin katinka ka ga naka. Don sauƙin lissafi, mu ɗauka naira 200 ne.

Hauwa ta ɗauko biro. Tsohon ƙwai mai zare, mai ba da jan haske, wat 100 ne. A kunna shi awa 14, ya sha 1,400 a rana. A kwana 30 ya sha 42,000, wato yunit 42. Kuɗinsa naira 8,400.

Ƙwan LED mai wat 20 fa? Awa 14 ya ba da 280 a rana, 8,400 a wata, wato yunit 8 da ɗan ɗoriya. Kuɗinsa naira 1,680. Kuma haskensa ya fi na wancan.

Malam Sule ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe mai arahar ne yake cin aljihu."

Araha ba ta ado. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar tsohon ƙwai zafi take zama, zafin kuma yana ƙona ganye. Yana mutuwa bayan kamar awa 1,000, alhali LED mai kyau yakan wuce awa 15,000. Na ce mai kyau, don akwai na jabu a kasuwa: kwali ya ce wat 20, haske kuwa kamar na aci-balbal. Sa mai shago ya gwada maka a gabanka.

Ba dole ba ne sai ka sayi fitilar nan mai launin shunayya da ake tallatawa don shuka. Farin LED ya isa renon iri. Rataye shi kamar taƙi ɗaya a saman tsirran, ka riƙa ɗaga shi suna girma. Kada ruwan ban-ruwa ya taɓa soket.

Wutar NEPA kuwa mun san halinta. Ranar da aka ɗauke, fitar da tiren inuwar baranda, ka kife kwando mai ramuka a kai saboda kaji. Kada ka tayar da janareto don tumatir, kuɗin fetur zai ninka kuɗin tumatir ɗin. A ganina ma, a gari mai rana irin Kaduna, ƙwai na reno ne kawai. Bayan mako uku zuwa huɗu tumatir ya isa dashe, a mai da shi buhu ko lambu, rana ta karɓi aikinta.

Aikin gida: Hauwa tana son ƙara tire, ta sa ƙwai biyu masu wat 15 kowanne, awa 14 a rana, har kwana 28. Yunit nawa za su ci? Nawa ne kuɗin a farashin layinku? Zo da rasit ɗinka aji mai zuwa.