Yadda Ake Bayyana Abin da Aka Saba Yi a Da, da Kuma Sabo da Abu, a Turanci

Akwai jimloli biyu na Turanci da suke kama da juna a ido, amma ma'anarsu ta sha bamban: "I used to wake up early" da "I am used to waking up early". Mai faɗin ta farko yana nufin a da yana tashi da wuri, amma yanzu ya daina. Mai faɗin ta biyu kuwa yana nufin tashi da wuri ya zame masa jiki, ba ya jin wahalarsa. Abin da ke ƙara wa Bahaushe ruɗani shi ne kalmar "saba" tana iya shiga wuraren biyu, don haka idan ya dogara da ita wajen gina jimlarsa sai ya ɗauki wannan ya sa a gurbin wancan. Hanyar da ta fi dacewa ita ce, kafin ka gina jimla ka tambayi kanka: labarin abin da ya wuce kuma ya yanke nake bayarwa, ko kuwa ina bayyana cewa abu ya daina zame mini baƙo?

Idan labarin abin da ya yanke ne, sai ka ɗauki "used to" ka biyo shi da aikatau tsurarsa, ba tare da ƙarin komai ba. Za ka ce "She used to teach mathematics", wato a da tana koyar da lissafi, kuma mai sauraro zai fahimci cewa ta bar koyarwar ko da ba ka faɗa ba. Wannan siga tana aiki ga abin da ake maimaitawa, tana kuma aiki ga halin da mutum ya daɗe a ciki, kamar "We used to live near the river" ko "He used to have a bicycle". Sai dai ba a haɗa ta da adadin lokuta ko tsawon zamani da aka ƙayyade. Wanda ya zauna a wani gari shekara 5 zai ce "I lived there for 5 years", wanda ya je wuri sau 3 zai ce "I went there 3 times", domin da zarar an ƙirga abu ya zama labarin abin da ya faru kawai, shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum ya wadatar.

Wajen korewa da tambaya ne ake yawan tuntuɓe a rubuce. Da yake "did" ya riga ya ɗauki nauyin nuna shuɗaɗɗen lokaci, harafin d yana faɗuwa daga "used", sai a rubuta "I didn't use to like coffee" da "Did you use to play football?" Kunne ba ya jin wannan bambanci, shi ya sa har waɗanda aka haifa cikin harshen sukan rubuta "didn't used to", amma a jarrabawa da rubutun aiki ka tsaya kan siga marar d. Idan kana shakka, akwai mafita mai sauƙi wadda Turawa da kansu suke yawan bi, wato "I never used to like coffee". Akwai kuma "used not to", wadda tsohon salo ce ta Ingila, ya isa ka gane ta idan ka gamu da ita a littafi.

Ka kiyaye cewa wannan siga ba ta da lokaci na yanzu. Ba a cewa "I use to read at night" da nufin nakan yi karatu da dare. Abin da Hausa take bayyanawa da lokaci sabau, irin su nakan, yakan, sukan, Turanci yana bayyana shi da aikatau na lokacin yanzu, sau da yawa tare da "usually": "I usually read at night". A ganina wannan kuskure ya fi kowanne yawa a bakin masu koyo, kuma ya cancanci a ba shi lokaci na musamman har sai harshe ya rabu da shi.

Kalmar "would" ita ma tana bayyana abin da aka riƙa yi a da, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, sai an riga an shimfiɗa zamanin da ake magana a kai, shi ya sa marubuta sukan buɗe da "used to" sannan su ci gaba da "would": "My father used to work at night. He would come home at dawn and sleep until noon." Na biyu, aiki mai maimaituwa kaɗai take ɗauka. Aikatau masu nuna hali ko mallaka ko sani, irin su "be", "have", "know" da "like", ba sa karɓar ta da wannan ma'ana, don haka "I would have a bicycle" ba ya nufin a da ina da keke. Haka kuma ka yi hattara da "wouldn't", domin "He wouldn't eat" yawanci yana nufin ya ƙi ci ne.

Idan kuwa amsar tambayarka ita ce sabo, to ginin jimlar ya canza gaba ɗaya. A nan "used" sifa ce mai ma'ana ɗaya da "accustomed", kuma "to" da ke biye da ita 'yar'uwar su "in", "at" da "with" ce, waɗanda suna ke zuwa bayansu. Saboda haka abin da zai biyo baya dole ya zama suna, ko wakilin suna, ko aikatau mai ɗafa-ƙeyar -ing: "I am used to the noise", "I am used to it", "I am used to working alone". Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka sa "it" a bayan "to". Idan jimlar ta zauna daidai, to aikatau ɗin da za ka sa a wurin yana buƙatar -ing. "I am used to it" ta zauna, amma "I used to it" ba magana ba ce.

Tsakanin "be used to" da "get used to" bambancin na mataki ne: na farko ya nuna an riga an saba, na biyu ya nuna ana kan hanyar sabawa. Mutumin da ya koma Ingila, inda ake tuƙi ta hannun hagu, zai ce "I am getting used to driving on the left" a makonnin farko, bayan ya kwana biyu kuma ya ce "I am used to it now". Waɗannan biyun suna shiga kowane lokaci, saɓanin "used to" na abin da ya yanke, don haka ana cewa "I wasn't used to the cold", "I have got used to the cold", da "You will get used to it" idan ana ƙarfafa wa baƙo gwiwa. A rubutu mai nauyi ana iya sa "become accustomed to" a madadin "get used to", kuma ƙa'idar -ing tana nan yadda take.

Saura siga ɗaya da take shigowa ta ɓata lissafi, wato irin "This knife is used to cut leather". A nan ba sabo ake nufi ba, aikatau "use" ne na amfani da abu, ma'ana ana amfani da wuƙar wajen yanka fata, shi ya sa "cut" ya zo tsurarsa duk da akwai "is" a gabansa. Furuci yana taimakawa wajen rarrabewa: "used" na amfani ana furta shi da sautin z, na sabo da na abin da ya wuce kuwa da sautin s, kuma d ɗinsa yana narkewa cikin t na "to". Idan kana karanta jimla mai "is used to", duba abin da ake magana a kansa. In kayan aiki ne, galibi amfani ake nufi, in kuwa mutum ne ko dabba, kuma suna ko -ing ya biyo baya, to sabo ne.