Manhaja na rufe kanta a Linux: yadda ake gane ko saɓanin Wayland da X11 ne

Ka danna alamar manhaja, taga ta ɗan leƙo sai ta ɓace, wani lokacin ma ko leƙowar ba ta yi. Idan hakan ya soma ne bayan sabunta Ubuntu, Fedora ko KDE, fara zargin tsarin da ke zana tagogi a allo. X11 ne ke wannan aiki tun 1987, sannan Wayland ya karɓi ragama: Fedora 25 a 2016, Ubuntu daga 21.04, KDE Plasma 6 a 2024. Tsofaffin manhajoji suna bi ta hannun wani ɗan tsakani mai suna XWayland, kuma ba kullum ake wanyewa lafiya ba.

Buɗe tagar umarni (Terminal) ka rubuta `echo $XDG_SESSION_TYPE`. Amsar za ta zo `wayland` ko `x11`. In `x11` ce, da wuya a ce wannan ce matsalarka, sai ka nemi dalili a wani wuri. In `wayland` ce, kira manhajar da sunanta daga nan cikin tagar umarnin, domin a can ne take faɗin abin da ya kashe ta. Danna alama da linzami yana ɓoye wannan saƙo gaba ɗaya.

Gwaji mafi sauri shi ne ka tilasta wa manhajar ita kaɗai ta bi ta X11. Yadda za a yi ya danganta da kayan da aka gina ta da su (sa sunan manhajarka a madadin `sunan-manhaja`):

`GDK_BACKEND=x11 sunan-manhaja` ga na GTK
`QT_QPA_PLATFORM=xcb sunan-manhaja` ga na Qt
`SDL_VIDEODRIVER=x11 sunan-manhaja` ga wasanni masu SDL2
`sunan-manhaja --ozone-platform=x11` ga na Electron

In ba ka san wanne ba ne, `ldd $(which sunan-manhaja) | grep -Ei "gtk|qt|sdl"` yakan tona asiri. Idan ta buɗe lafiya a haka, ka kama ɓarawon. Umarnin `xlsclients` zai tabbatar maka cewa yanzu tana cikin masu bi ta XWayland.

Na Qt sun fi rikita mutane. Saƙon da ke cewa `Could not load the Qt platform plugin "xcb"` tare da `even though it was found` yana sa mutum ya yi ta sake girka manhajar a banza. Ma'anarsa an ga fayil ɗin, amma wani fayil na taimako (library) da yake dogara da shi ne babu. Saka `QT_DEBUG_PLUGINS=1` a gaban umarnin, ka duba layukan ƙarshe, za ka ga sunan abin da ya ɓace. Daga Qt 6.5 zuwa sama, sau da yawa `libxcb-cursor0` ne, kuma `sudo apt install libxcb-cursor0` ya wadatar. In kuwa kukan na rashin `wayland` ne, girka `qtwayland5` ko `qt6-wayland`, gwargwadon wanda manhajar ke amfani da shi.

Sai masu mutuwa da `Segmentation fault` kawai, ba ƙarin bayani. Nan `coredumpctl list` zai nuna waɗanda suka faɗi kwanan nan, `coredumpctl info` kuma ya jero ayyukan da manhajar ke ciki lokacin da ta faɗi. A Ubuntu sai an girka `systemd-coredump` tukuna, don shi da Apport yake zuwa, wato nasa mai tattara rahoton faɗuwar manhaja. Duba saman jerin: in ka ga suna mai farawa da `gdk_x11_` ko wani aiki daga `libX11` alhali tagar ta Wayland ce, to marubucin manhajar ya ɗauka kowa na kan X11, ya nemi abin da babu. Gyaran asali a hannunsa yake. Tura masa wannan jerin tare da amsar `XDG_SESSION_TYPE`, ka rage masa rabin aiki.

Masu katin NVIDIA suna da nasu ciwon kan. Saƙon `Error 71 (Protocol error) dispatching to Wayland display` yakan fito a manhajojin da ke kan WebKitGTK (kayan nuna shafin yanar gizo a cikin manhajar GTK), kuma `WEBKIT_DISABLE_DMABUF_RENDERER=1` yakan kwantar da shi. Duba kuma `sudo cat /sys/module/nvidia_drm/parameters/modeset`; ana son ganin `Y`. Direban NVIDIA (manhajar da ke sarrafa katin) mai lamba 555 ko sama da haka ya rage ƙyaftawar allo sosai. Wanda ke son ganin ainihin hirar manhajar da Wayland wadda ta jawo korarta ya saka `WAYLAND_DEBUG=1`. Rubutun yana da yawan gaske, layuka ashirin na ƙarshe kawai ake karantawa.

Da zarar ka sami abin da ke aiki, mayar da shi na dindindin ga wannan manhajar kaɗai. Kwafi fayil ɗinta na `.desktop` daga `/usr/share/applications` zuwa `~/.local/share/applications`, ka gyara layin `Exec=` ya zama kamar `Exec=env GDK_BACKEND=x11 sunan-manhaja`. Wadda aka girka ta Flatpak (wata hanyar girka manhajoji) kuwa, `flatpak override --user --socket=x11 --nosocket=wayland` sai cikakken sunanta. Kada ka kuskura ka zuba `GDK_BACKEND=x11` a `/etc/environment` ko `~/.profile`. Ana yawan ba da wannan shawara, amma tana jan duk manhajojin GTK zuwa XWayland, rubutu ya dusashe a allon da aka saita ya ƙara girman abubuwan da ke kansa, wasu sassan tebur ɗin ma su ƙi tashi.

Komawa X11 gaba ɗaya ta alamar saiti a shafin shiga, ko ta `WaylandEnable=false` a `/etc/gdm3/custom.conf`, yana aiki a Ubuntu 22.04 da 24.04. Daga Ubuntu 25.10 an cire zaɓin X11 na GNOME, tebur ɗin da Ubuntu ke zuwa da shi, don haka a can gyaran manhaja ɗaya-ɗaya ne ya rage.