Yadda matuƙin jirgin sojan ruwa yake zama ɗan sama jannati

Matasan Abuja da ke sha'awar zuwa sararin samaniya sukan tambayi inda ake farawa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi takawa ita ce ta sojan ruwan Amurka. Ita Alan Shepard ya bi kafin ya zama Ba'amurke na farko da ya shiga sararin samaniya a 1961, sannan ya taka duniyar wata a 1971.

Da farko dai mutum ya samu digiri, kuma an fi son na injiniya, lissafi ko kimiyya, ya kuma zama hafsa, ko ta kwalejin sojan ruwa da ke Annapolis ko ta wata kafar ɗaukar hafsoshi. Daga nan sai horon tuƙi, wanda ake farawa a Pensacola ta jihar Florida, sannan shekaru na aiki a rundunar jirage. A nan ne matuƙin jirgin yaƙi yake koyon sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, inda ƙugiyar da ke wutsiyar jirginsa za ta cafki ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da aka shimfiɗa, wani lokaci da daddare, alhali teku tana jijjiga filin saukar.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne makarantar matuƙan gwaji da ke Patuxent River a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1945, kuma karatunta yakan ɗauki kimanin wata goma sha ɗaya. Mutane da yawa suna zaton jarumta ake koyarwa a can, amma galibin aikin lissafi ne da rubutu. Ɗalibi zai tsara gwajin tun yana ƙasa, ya tashi da jirgin, ya auna yadda yake karɓar umarni a gudu da tsayi daban-daban, sannan ya dawo ya rubuta rahoton da injiniya zai iya gyara jirgi da shi. Akwai ma'aunin Cooper-Harper, mai hawa daga 1 zuwa 10, wanda matuƙi yake bayyana sauƙi ko wahalar sarrafa jirgi da shi, domin cewa kawai "jirgin yana da taurin kai" ba ta amfanar kowa. A ganina wannan ɗabi'a ta natsuwa da faɗin abin da aka gani daidai ita ce NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, take nema, tun da kowane sabon kumbo jirgin gwaji ne. 'Yan sama jannati Reid Wiseman da tagwayen nan Scott da Mark Kelly duk a makarantar suka yi karatu, haka ma Sunita Williams, wadda matuƙiyar helikwafta ce, ta kammala a 1993, NASA ta zaɓe ta a 1998.

Sai neman shiga NASA. Dole mai nema ya kasance ɗan ƙasar Amurka, mai digiri na biyu a fannin kimiyya ko injiniya, ko da yake kammala makarantar gwaji yana iya maye gurbinsa, kuma matuƙi ya tara awa 1,000 yana jagorantar jirgi, ya kuma tsallake gwajin lafiya mai tsanani. Gasar ba wasa ba ce: a 2017 mutum 12 aka ɗauka daga masu nema fiye da 18,000. Wanda ya dace zai shafe kusan shekara biyu a cibiyar Johnson da ke Houston, yana tuƙa jirgin T-38, yana koyon Rashanci da sarrafa hannun na'ura, yana kuma atisayen aiki a wajen kumbo cikin wani ƙaton tafkin ruwa. Bayan haka ma yana iya jiran shekaru kafin a ba shi tafiya.

Ga ɗan Najeriya, sharaɗin zama ɗan ƙasa ya rufe ƙofar NASA, amma matakan farko suna nan a gida. Hafsanci ana samunsa a kwalejin horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, tuƙin farar hula kuma a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Makarantar Patuxent River da takwararta ta Boscombe Down a Ingila suna karɓar hafsoshin ƙasashen waje idan gwamnatocinsu suka tura su. Mai sha'awar ɓangaren injiniya kuwa sai ya nufi NASRDA, hukumar sararin samaniyar Najeriya da ke nan Abuja, wadda aka kafa a 1999, kuma ta mallaki tauraron ɗan Adam ɗinta na farko, NigeriaSat-1, a 2003.