Ɗaga Iyakar Juyin Injin Ƙaramar Mota: Yadda Ake Yi a Kan Honda D16

Mota mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana da adadin juyin da idan inji ya kai, sai a yanke masa fetur ya yi ta tsinkewa ko da ka danne totur har ƙasa. Masu son gudu da yawa suna ɗauka cewa ƙarfi na nan a ɓoye bayan wannan iyaka. A injin da ba a taɓa komai a jikinsa ba, babu shi.

Mu ɗauki D16Z6, injin Honda Civic na 1992 zuwa 1995, mai lita 1.6 da VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul idan juyi ya hau. Ƙarfinsa na ƙoli doki 125 ne, kuma yana ba da shi a juyi 6,600 a minti, jan layinsa kuwa yana kan 7,200. Wato tun kafin allura ta taɓa ja, ƙarfi ya fara sauka. Dalili shi ne numfashi: bawul na buɗewa na ɗan lokaci ƙalilan, silinda ba ta cika da iska, ƙarfin murɗawa ya faɗi fiye da yadda juyi ke hawa. Ka kai shi 8,000 da kamshaf ɗinsa na asali, ƙara kawai za ka samu.

To ina amfanin yake? A canjin giya. Giya ta biyu a akwatin wannan mota 1.900 ce, ta uku 1.250. Idan ka canja a 7,200, allura za ta faɗo kusan 4,740, alhali VTEC na kamawa ne a wajen 4,800. Ka faɗo ƙasa da inda injin ke da kuzari ke nan, sai ya sake rarrafowa. Idan iyakar ta koma 7,600, za ka sauka a kan 5,000, cikin VTEC. Wannan ƙarin 400 ya fi duk abin da za ka samu daga 8,000 amfani, kuma shi ne nake ganin ya dace da inji mai kayan asali.

Kafin a taɓa ƙwaƙwalwa, a fara tabbatar da lafiyar injin. Motocin nan sun haura shekara talatin. A auna matsin silinda huɗun da geji, bambanci tsakanin mai ƙarfi da mai rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A ɗaura gejin matsin baƙin mai na gaske, kada a dogara da fitilar dashbod, wadda ba ta kamawa sai aiki ya riga ya ɓaci. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce fam 10 (psi) na matsi ga kowane juyi 1,000 idan inji ya yi zafi. Bel ɗin taimin da tayar da ke ɗaure shi a sa sabbi, domin idan bel ya tsinke a wannan inji fistin zai daki bawul. A gyara tazarar bawul lokacin da inji ya huce, a sa sabbin fulogi, a wanke lagireto, a tabbata fanka na tashi. Injin da ke shan baƙin mai ko yake ƙarar metal (bearing), gyara yake nema, a manta da maganar ƙarin juyi.

Abin da ke fara gazawa shi ne sifirin ɗin bawul. Aikinsa ya dawo da bawul mazauninsa kafin fistin ya iso sama. Idan juyi ya fi ƙarfinsa, bawul ya daina bin kamshaf, ya riƙa shawagi, ƙarfi ya yanke farat ɗaya, sautin injin ya dusashe. Ƙarshenta fistin ya lanƙwasa bawul, ko ma bawul ya karye ya faɗa silinda. Tsohon sifirin da ya gaji yana fara haka tun ƙasa da inda sabo zai fara. Duk wanda zai wuce 7,600, ko zai sa kamshaf mai ɗaga bawul sosai, dole ya sa sifirin masu ƙarfi guda 16 da hulunan da suka dace da su, a kuma duba cewa sifirin ba ya matsewa ƙurmus idan bawul ya buɗe iyakarsa.

Na ƙasan injin ya fi tsada idan ya lalace. Tafiyar fistin a D16 milimita 90 ce, doguwa ga ƙaramin inji. A juyi 7,200 matsakaicin gudun fistin mita 21.6 ne a daƙiƙa, a 8,000 ya zama 24. Kwatanta da B16A, wani injin Honda, wanda tafiyarsa milimita 77.4 ce: a 8,200 ma bai wuce mita 21.2 ba. Shi ya sa B16A ke juyin da D16 ba zai iya ba, an haife shi da haka ne. Kuma nauyin da ke fizgar konrod, sandar da ke haɗa fistin da kirankshaf, ba ya hawa daidai da juyi, ninkuwa yake yi. Daga 7,200 zuwa 8,000 juyi ya ƙaru da kashi 11, amma fizgar ta ƙaru da kusan kashi 23. Kusoshin konrod ne ke ɗaukar wannan. Suna miƙewa kaɗan-kaɗan, metal ya juya a mazauninsa, inji ya buga, wani lokaci konrod ya huda bulo ya fito. Maganinsa kusoshi masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, a ɗaure su da awon da kamfanin ya rubuta, a kai konrod wurin injin gyara a daidaita zagayen bakinsa, a sa sabon metal a auna tazararsa.

Sai ƙwaƙwalwar kanta. Ta wannan mota P28 ce, ana buɗe ta a yi mata walda a dasa allon Hondata S300 ko guntun da aka rubuta wa sabon tsari, daga nan a haɗa ta da kwamfuta. Canja lambar iyaka aikin minti ɗaya ne. Aikin gaske shi ne jadawalin fetur da na wuta a sabon yankin. A ɗaura na'urar awon iska da fetur mai faɗin karatu a salansa, a nemi iska kusan kashi 12.8 zuwa 13.2 ga kowane kashi ɗaya na fetur a cikakken totur. Ya haura 13.5, fetur ya yi kaɗan, zafi zai ci kan fistin. Nozul na asali cc 240 ne, a duba kada lokacin buɗewarsu ya wuce kashi 85. A riƙa ƙarawa 200-200, kowane mataki a auna a kan daino, na'urar gwada ƙarfin inji, ana sauraron ƙarar nokin, wato ƙwanƙwasar da inji ke yi idan fetur ya fashe ba bisa tsari ba. Inda layin ƙarfi ya karkata ƙasa sosai, nan za a tsaya. Idan ba ka da tabbacin ingancin fetur ɗin da kake sha, rage wuta digiri ɗaya ko biyu a sama, asarar doki biyu ta fi narkakken fistin sauƙi.

A bar ƙwaƙwalwa ta riƙa yanke fetur a iyakar, kada a mayar da ita yanke wutar fulogi. Yanke wuta na tura ɗanyen fetur salansa ya riƙa fashewa, yana ƙona matatar hayaƙi yana girgiza bawul.

Idan ƙarfi na gaske ake so a sama, sai an buɗe wa injin numfashi: kamshaf mai tsawon buɗewa, manifol na fitar da hayaƙi mai kyau, salansa mai faɗin inci 2.25, da gyaran hanyoyin iska na tof silinda. Da waɗannan ne ƙolin ƙarfi ke matsawa zuwa 7,000 da wani abu, sannan ɗaga iyakar ya zama dole. Farashinsa shi ne motar za ta rage kuzari a ƙaramin juyi, a cunkoso za ka ji ta a jiki.

Wani abu da ƙwaƙwalwa ba ta iya karewa shi ne kuskuren hannu. Kana 7,600 a giya ta uku, ka nufi ta huɗu ka faɗa ta biyu, tayoyi za su tilasta wa injin juyi sama da 11,000, babu sifirin ko kusar da za ta ɗauki wannan. A canja robobin sandar giya idan sun yi lako-lako, kuma da ka ji allura ta zabura ka taka kuloci nan take.