Yadda ake daidaita agogon na'urorin sadarwa da NTP

Ranar da aka yi sata a wani shago da nake kula wa da intanet, mun buɗe na'urar adana bidiyon kyamara muka ga tana nuna ƙarfe 3 na dare, rawuta (na'urar da ke haɗa shagon da intanet) tana nuna shekarar 1970, swici (mai haɗa na'urorin cikin gida da juna) kuma tana can 1993. Ba mu iya haɗa abin da ya faru da lokacin da ya faru ba. Yawancin ƙananan na'urorin nan ba su da batirin agogo, da an ɗauke wuta sai su manta da lokaci, kuma kowa ya san sau nawa ake ɗauke wuta a rana.

Maganin shi ne NTP, tsarin da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar tun 1985. Na'ura takan tambayi wata uwar garke (kwamfutar da ke ba wasu na'urori lokaci) ƙarfe nawa, ta lissafa jinkirin hanya, ta gyara agogonta. Zan yi misali da rawutar kamfanin MikroTik mai manhajar RouterOS 7.

Da farko ka saita yankin lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa 1 duk shekara:

/system clock set time-zone-name=Africa/Lagos

Na biyu, ka tabbatar DNS, wato tsarin da ke fassara suna zuwa adireshi a intanet, yana aiki. Nan mutane da yawa suke faɗuwa, domin idan rawuta ba ta iya fassara suna zuwa adireshi, ba za ta taɓa samun uwar garken ba. Gwada da /ping pool.ntp.org kafin ka wuce.

Sai ka kunna mai karɓar lokaci:

/system ntp client set enabled=yes
/system ntp client servers add address=0.pool.ntp.org

Ka ƙara 1.pool.ntp.org da 2.pool.ntp.org, uwayen garken su zama uku. Ni ban yarda da guda biyu ba. In suka saɓa, wa za a gaskata? Uku ne ke raba gardama.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi damuwa da shi. Kada kowace na'ura ta riƙa fita intanet neman lokaci da kanta. Ka mayar da rawutar liman, sauran su bi ta:

/system ntp server set enabled=yes

A RouterOS 6 sai ka girka kunshin ntp daban. Daga nan ka shiga kowace kyamara, firinta da kwamfuta ka ba ta adireshin rawutar, misali 192.168.88.1. A swicin Cisco:

clock timezone WAT 1 0
ntp server 192.168.88.1

Ta haka agogon gidan gaba ɗaya zai riƙa tafiya tare. NTP yana bi ta ƙofa (port) mai lamba 123 ta UDP, wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori, ka bar ta a buɗe ga na cikin gida kawai. In ka buɗe wa duniya, miyagu za su iya amfani da rawutarka wajen kai wa wasu hari.

Kada ka tashi sai ka duba. Rubuta /system ntp client print, ka nemi kalmar synchronized. A Cisco kuwa show ntp status, kuma ka yi haƙuri, takan ɗauki mintoci kafin ta amince. In ka ga stratum 16 (stratum lamba ce da ke nuna nisan na'ura daga asalin agogo), ba a daidaita ba tukuna. Bayan haka ka zare wutar rawutar da hannunka, ka mayar, ka jira ka ga lokaci ya dawo daidai.