Yadda ake mayar da tsohon babur ya zama kafe resa da kuɗi kaɗan

Kafe resa salo ne da ya taso a Ingila a shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da matasa ke taruwa a wurare irin su Ace Cafe da ke London, suna rage wa baburansu nauyi don su kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Siffarsa sananniya ce: hannu ƙasa-ƙasa, kujerar mutum ɗaya mai tozo a baya, sannan ƙasan tanki da ƙasan kujera su bi layi ɗaya miƙaƙƙe. Yawancin aikin cire kaya ne, ba ƙari ba, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya.

Babur ɗin da ya fi dacewa da wannan aiki a wajenmu shi ne Honda CG125 da ire-irensa na China da aka kwaikwaya daga gare shi. Injinsa silinda ɗaya ne, iska ke sanyaya shi, tayoyinsa inci 18 ne masu sifoka, shokozoba biyu ne a baya, kuma duk bakaniken unguwa ya san cikinsa. Ba zai kai mil 100 ba, ƙarfinsa wajen doki 11 ne, gudunsa kuma kusa da kilomita 100 a awa. Siffa da sauƙin sarrafawa za ka nema a wurinsa.

Kafin ka biya kuɗin babur

Fara da takardu. Lambar firam da lambar inji su dace da abin da ke rubuce. In lambar ta nuna alamar gurza ko an sake buga ta, bar shi komai arharsa. Sai ka tsaya a bayansa ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi guda, ka duba wuyan firam ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda. Fenti da kujera da fitilu duk za ka sauya su, kada lalacewarsu ta dame ka, ma dai su zama hujjar neman ragi. Ka sa a tayar maka da shi injin yana sanyi. Hayaƙi shuɗi da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nufin ringi sun cinye. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji kuwa kuɗi ne babba, a guje shi.

A raba kuɗin aiki haka: rabi ga inji da birki da taya, sauran ga walda da kujera da fenti. Masu farawa da fenti su ne ake samun baburansu jingine a zaure an lulluɓe da buhu.

Inji da birki tukuna

Kada ka yanke komai sai babur ya yi lafiya a yadda yake. Juye baƙin mai, ka wanke ragar tace mai da ke bayan babban notin gefen hagu na inji, ka zuba sabo kimanin lita ɗaya. A yi amfani da man babur, don kulocinsa a cikin mai yake, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. Saita bawul injin yana sanyi, milimita 0.08 duka biyun. Sa sabon filogi, NGK D8EA ko makamancinsa, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Kwance kafireta ka wanke, ka busa ramukan jet, wato ƴan ƙananan ramukan da fetur ke bi, da iska. Kada ka soka musu waya, tana faɗaɗa ramin.

Takalmin birki in kaurinsa ya kusa milimita 2, sauya shi. Sarƙa da sifiroket na gaba da na baya tare ake sauya su, lamba 428 ce, a bar mata sassaucin kamar santimita 2. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta haura shekara biyar ko ta fara tsattsagewa, a cire ta ko da zanenta bai goge ba. Kada ka cusa taya mai faɗi ƙwarai a kan siririn rim don ado, tana gurɓata siffarta ta rage riƙon kwana. Mataki ɗaya sama da 2.75-18 a gaba da 3.00-18 a baya ya isa, shi ma sai an tabbata ba ta gogar sarƙa.

Hannu da gaban babur

Hanyar saukar da hannu biyu ce. Akwai guntayen hannaye da ake ɗaurewa kai tsaye a ƙafafun shokozobar gaba, akwai kuma hannu guda mai lanƙwasa ƙasa da ke shiga mazaunin tsohon. Na biyun ya fi arha, ya fi sauƙin ɗaurawa, kaurinsa milimita 22 ne kamar na asali, don haka totur da lebobin birki da kuloci duk za su shiga. In na farkon kake so, auna kaurin ƙafar da kalifa, wato ma'aunin kauri, kafin ka saya, domin akwai masu milimita 27, akwai masu 31, na China kuma sun bambanta.

Da ka saukar da hannu, wayoyin totur da kuloci da birki za su yi tsawo su lanƙwashe. Sake musu hanya ko ka nemi gajeru. Ga gwajin da ba a tsallakewa: tayar da inji ka bar shi a silo, ka juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. In ƙarar inji ta ɗaga ko kaɗan, wayar totur na ja, kuma a kan titi hakan hatsari ne. Duba kuma ko hannu na bugun tanki. In yana bugu, mai walda ya ƙara ɗan ƙarfe a matokarar wuya, har babban yatsanka ya samu wurin zama tsakanin hannu da tanki.

Tunda ka buɗe gaban, sauya boris ɗin wuya da sil na shokozoba. Boris ɗin ƙwayoyi ne a sake, shimfiɗa tsumma a ƙasa ka ƙirga su yayin da suke zubowa. Madigadin gaba a rage masa tsawo kawai. Ƙarfensa na ciki shi ke riƙe siraran ƙafafun nan biyu kada su murɗe in ka taka birki.

Yankan baya

Nan ne kuskure ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Cire kujera da madigadin baya da kariya. Ɗaure zare daga ƙasan tanki zuwa baya, ka ja da baya kamar taku goma ka kalle shi daga gefe. Wannan zaren shi ne layin kujerarka. Ƙarshen wutsiya kada ya wuce saitin tsakiyar tayar baya da yawa.

Ana yanka firam ne a bayan maƙalin shokozoba, a bar santimita 3 zuwa 4. Maƙalin kansa da ƙarfen da ya haɗa ɓangarorin biyu ba a taɓa su. Sai a lanƙwasa bututu mai kauri ɗaya da na firam, naman jikinsa kamar milimita 2, ya yi siffar kofaton doki, don ya haɗa bakunan firam biyu da aka yanke. Kada a haɗa baki da baki a ɗiga walda kawai, girgiza za ta tsaga shi. A cusa guntun ƙarfe mai tsawon santimita 6 zuwa 8 a cikin mahaɗar, rabi nan rabi can, a huda rami a kowane gefe a cike shi da walda, sannan a zagaye mahaɗar. Kafin a kunna injin walda a sauke tanki a kai shi nesa, a cire batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi.

Sai auna tazarar taya. Cire shokozoba biyun, ɗaga tayar baya zuwa iyakar inda za ta kai in shokozoba ta danne gaba ɗaya, ka tabbata akwai aƙalla santimita 2 tsakaninta da ƙasan kujera. Babur da yawa sun yi kyau a tsaye, ramin farko da suka faɗa taya ta kankare wayoyin da aka ɓoye a wurin.

Faifan kujera a yanka shi daga farantin ƙarfe na milimita 1.5, bayan an fara gwada siffar da kwali. Soso mai tauri na santimita 4 zuwa 5 ya fi mai laushi, wanda ke lotsewa cikin wata guda. Tozon baya ana iya sassaƙa shi da soso, mai ɗinkin kujera ya rufe duka da leda. Wasu na yanko bayan tsohon tanki su yi tozon da shi, yana kyau ƙwarai, amma tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a sa masa wuta ko giranda sai an wanke shi sosai an cika shi da ruwa.

Iska da salansa

A hotunan waje za ka ga an cire akwatin iska an maƙala ƙaramar matata a bakin kafireta. A ƙasar da ake hunturu da ƙura, wannan shawara ce mai tsada. Matatar ƙarfe mai arha ba ta tare ƙura mai laushi, ƙurar kuma ta bi ta cinye ringi da silinda. Barin akwatin asali ya fi, a yi masa baƙin fenti ya ɓace wa ido. In dole sai an cire, a sa matatar soso da ake shafa wa mai, a riƙa wanke ta akai-akai, a kuma sa ƙaramar matata a bututun numfashin inji.

Duk sanda iska ta ƙaru, ko ta matata ko ta salansa, mai zai yi wa inji kaɗan. Alamominsa su ne inji ya riƙa shaƙewa in ka murɗa totur, ya yi zafi fiye da kima, salansa na tartsatsi in ka saki wuta. Karanta lambar da ke kan babban jet, sayo biyu da ke samansa, ka gwada ɗaya bayan ɗaya. In tsakiyar totur ne ke da rauni, sauko da maƙalin allura daraja ɗaya, allurar za ta ɗaga mai ya ƙaru. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Bayan tafiya mai kyau cire filogi ka duba: launin shayi da madara daidai ne, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka ya yi yawa. Salansa a bar mata abin rage ƙara a ciki. Wadda aka fafe gaba ɗaya tana rage ƙarfin tashi, tana iya ƙona bawul, ga damun maƙwabta.

Waya da fenti

Ɗauki hoton kowace mahaɗar waya ka manna mata suna kafin ka cire. A yi ƙaramin tire a ƙarƙashin kujera don batir da CDI, amma ragileta a bar ta inda iska ke bugunta. Kada a cire fis. Sigina na LED suna buƙatar rile nasu na lantarki, in ba haka ba su yi ƙiftawa da sauri ko su tsaya cak. Tsofaffin samfura da yawa fitilar gabansu kai tsaye daga koyil take sha, don haka a tabbatar da irin wutar kafin a sa mata LED. Bayan an yi wa firam fenti, a kankare inda wayar at, wato wadda ke mayar da wuta jikin firam, ke ɗauruwa har ƙarfe ya fito, nan ne tushen yawancin matsalar wuta bayan haɗawa.

Tsatsar cikin tanki ana cire ta da ruwan khal. A cire famfon mai a toshe ramin, a cika, a bari kwana ɗaya ko biyu, a zuba ƴan notuna a girgiza, a ɗauraye da ruwan bakin soda, a busar nan take. A waje a goge da samfefa 180 sannan 320, a fesa firaima, a bi da 600, sai launi shafi biyu ko uku marasa kauri. Shafin ƙarshe ya zama kiliya, wato fenti marar launi, mai haɗi biyu, ita ce ke jure fetur. Ta gwangwani zalla ɗigon farko zai ɓata ta. Mai fesawa ya rufe hanci da abin kariya na gaske, a kuma yi a wurin da ba ƙura.

Haɗa babur gaba ɗaya ka hau shi mako guda kafin fentin, don duk waldar da za a ƙara ta fito tun da wuri. Fitilar birki da sigina da madubi da lambar babur su kasance a wurinsu, ana ganinsu sarai. Tafiyar farko a yi ta da hular kwano a hanyar da ba cunkoso, a fara da gwada birki a ƙaramin gudu. Bayan kilomita 50 a bi notunan akasil da na inji da na hannu da na shokozoba a sake ɗaure su, a haska waldar baya da tocila ko ta nuna tsaga.