Kafin Ka Sayi Filasma a Garwa ko Marwa, Fara Duba Wutar Gidanka

Duk talabijin mai siririn jiki mutanenmu filasma suke ce mata, amma manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma ta ainihi tun 2014. Abin da ke shaguna yanzu LED ne, wato gilashi mai ƙananan fitilu a bayansa. Idan aka nuna maka filasma ta gaske a cikin gwanjo, ka bar ta, tana cin wuta kuma tana zafi, ga shi watan Maris da Afrilu zafin nan arewacin Kamaru yakan haura digiri 40.

Abin da ya fi kashe talabijin a nan shi ne wuta. Juya bayanta ka karanta takardar da ke manne. Wadda aka rubuta 100-240V ta fi jure wutar da ke sauka da yamma a kan wadda aka rubuta 220-240V kawai. Duk da haka ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta, wadda masu shago ke kira régulateur, tun kafin ka fara ciniki. Mai ƙarfin 500VA ta ishi talabijin ɗaya da dikoda, ka nemi mai jinkirta kunnawa, domin ɓarnar takan faru ne a daidai lokacin da aka dawo da wuta. Kada ka haɗa ta da firji a na'ura ɗaya. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, zare filogi da wayar dish duka biyun, don tsawa ta kan wayar dish take shigowa ta ƙona dikoda da ramin HDMI, inda ake jona dikoda da talabijin.

Mai amfani da sola ya lissafa cin wuta. Inci 32 tana cin wat 30 zuwa 50, inci 55 kan kai wat 100 ko fiye. Akwai masu aiki da 12V kai tsaye daga batir ba sai da inbata ba, su suka fi dacewa da ƙauye.

Girma kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, gilashin kawai, inci ɗaya santimita 2.54. Tafi da awonka kasuwa, domin akan rubuta 43 a kwali alhali abin da ke ciki bai kai ba. Inci 32 faɗinta kusan santimita 71 ne, 43 kusan 95, 55 kusan 122. Ɗakin da tazarar zama ba ta wuce mita 2 ba, 32 ta isa. Falo mai mita 2.5 zuwa 3 shi ke son 43 ko 55.

Kada kalmar 4K, wato hoton da ya fi HD tsabta, ta ruɗe ka. Tashoshin Canal+ da StarTimes da za ka kalli ƙwallo yawancinsu ba su wuce HD ba, don haka inci 43 mai Full HD, wato 1920x1080, ta biya buƙata. Ita ma mai intanet sai da lissafi: a Netflix awa ɗaya na HD kan ci har giga 3, 4K har giga 7. Masu araha mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 1 sukan yi nauyi bayan ɗan lokaci. Gara ka sayi talabijin mai kyakkyawan hoto, daga baya ka saka mata ƙaramin akwatin Android. In kana son tashoshin kyauta ba tare da dikoda ba, ka duba an rubuta DVB-S2, wato tana kama tashoshin dish da kanta, kuma ramukan HDMI su kai biyu.

A shago kada ka yarda da kwali a rufe. Ka zo da filas ɗinka na USB mai hotuna biyar: fari sol, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi. A kan fari za ka ga ɗigon da ya mutu da inuwar fitilar da ta fara rauni, a kan baƙi za ka ga hasken da ke tsiyaya ta gefe. Bar ta a kunne minti goma sha biyar, ka ƙure sauti ka ji ko sifika na karkarwa. Sai ka shiga saituna ka duba lambar samfuri, ta zo ɗaya da ta baya da ta kwali. Jabu sukan manna tambarin Samsung ko LG a gaba, amma sau da yawa cikin saituna ba za ka ga sunan ba. Mai shago ya rubuta lambar siriyal da tsawon garanti a rasit, ka kuma tambaye shi ko garantin ya haɗa da ƙonewar wuta, yawanci bai haɗa ba.

Kayan da suka shigo ta Mubi ko Yola sukan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, namu kuwa mai zagayen ƙafa biyu ne. Canja kan filogin gaba ɗaya ya fi adafta mai sako-sako da ke tartsatsi.

Wajen kai ta gida, a tsaye ake ɗaukarta cikin kwalinta, ko a kan babur ne. In aka kwantar, rami ɗaya a hanya ya isa ya tsaga gilashin, canja shi kuwa kusan kuɗin sabuwa ne. Bangon laka ba ya riƙe kusoshin rataya, a ɗora ta kan tebur. Bar tazarar santimita 10 a bayanta don iska, a rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu bayan an kashe ta, kada a fesa ruwa a gilashi.

Da ka kunna, ka fitar da ita daga tsarin shago, wato saitin da ke ƙure haske, ka rage hasken baya zuwa rabi ko kashi 60. Fitilun nan su ke fara mutuwa idan aka ƙure su cikin zafi. Ranar da ka ji sauti babu hoto, haska tocila a jikin gilashin. In ka hango hoton dishi-dishi, yawanci fitilun ne kawai suka mutu, mai gyara zai canja su ba tare da an canja gilashin ba.